Endre Mester: likitan da gwajinsa ya gaza, amma ya gano wata hanyar magani

A asibitoci da ɗakunan gashin ƙashi na ƙasashe da yawa a yau, akan haska wa mara lafiya wani siririn jan haske a kan gwiwa, wuya ko miki, hasken da ba ya ƙuna kuma ba ya yanka. Ana kiran wannan hanya magani da hasken leza mai rauni. Wanda ya fara ta shi ne Endre Mester, likitan fiɗa ɗan ƙasar Hungari, wanda ya ci karo da ita yana neman wani abu dabam.

An haifi Mester a birnin Budapest a 1903. Ya yi karatun likita a jami'ar Pécs, ya kammala a 1927, sannan ya koma Budapest ya ƙware a aikin fiɗa. Ya shafe shekaru yana yi wa mutane aiki yana kuma koyar da ɗalibai. Har zuwa 1973 shi ne shugaban ɗaya daga cikin sassan fiɗa na jami'ar koyon likita ta Budapest, wadda ake kira Semmelweis. Da a nan tarihinsa ya tsaya, da wuya a san sunansa a wajen ƙasarsu.

A 1960 wani masanin kimiyya a Amurka, Theodore Maiman, ya ƙera na'urar leza ta farko da dutsen yaƙutu. Likitoci suka yi ca a kanta, domin haske ne da ake iya tarawa wuri guda har ya ƙone nama. A birnin Boston, likita Paul McGuff ya yi amfani da ita ya lalata ƙarin ciwon daji a jikin dabbobin gwaji. Mester, wanda a lokacin ya haura shekara 60, ya ƙudura maimaita wannan gwaji a Budapest.

Sai dai na'urar da aka ƙera masa ba ta ko kusa da ta McGuff a ƙarfi. Ya aske bayan ɓeraye, ya haska musu, ciwon dajin bai mutu ba. Ta fuskar abin da ya fita nema, gwajin ya faɗi. Amma ya lura gashin ɓerayen da aka haska ya riga na sauran tsirowa, kuma mikinsu ya fi saurin rufewa. Wani mai binciken zai iya ɗaukar wannan a matsayin tarkace ya wuce. Shi kuwa ya tsaya a kansa, ya fara wallafa sakamakon daga 1967.

A matsayinsa na likitan fiɗa, Mester ya san wahalar gyambo, mikin da kan yi watanni ko shekaru a ƙafa yana ruwa, ya hana mutum aiki, wani lokaci har ya kai ga yanke ƙafar. Daga 1971 ya fara haska irin waɗannan marasa lafiya, waɗanda sauran magunguna suka kāsa, kuma ya ba da rahoton cewa da yawansu sun samu sauƙi. A 1974 ya kafa cibiyar binciken leza a Budapest. Ƴaƴansa biyu, Adam da Andrew, dukansu likitoci, sun yi aiki tare da shi. Ya ci gaba da binciken har rasuwarsa a 1984, yana da shekara 80.

Bai ga karɓuwar aikinsa a ko'ina ba kafin ya rasu. Zamanin yaƙin cacar baka ne, Hungari tana ɓangaren Tarayyar Sobiyet, don haka hanyar ta fi yaɗuwa a gabashin Turai. Likitocin yamma da dama sun yi shakka, kuma suna da hujja: gwaje-gwajen farko ƙanana ne, kowane mai bincike da irin na'urarsa da yawan hasken da yake bayarwa. Daga baya aka fahimci cewa awo shi ne gishirin al'amarin. Haske kaɗan ba ya yin komai, idan kuma ya yi yawa amfanin kan ɓace. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa sassan da ke samar da kuzari a cikin ƙwayoyin jiki suna shan jan haske, sai aikinsu ya ƙaru.

A yau hujja mafi ƙarfi tana wajen gyambon baki da kan addabi masu ciwon daji yayin da ake musu magani, inda ƙungiyoyin ƙwararru suka amince a yi amfani da hasken don rigakafi. A 2009 mujallar The Lancet ta wallafa wani nazari da ya nuna yana rage ciwon wuya. Game da ciwon baya da mikin da ya daɗe, wanda shi ne babban burin Mester, sakamakon bincike ya sha bamban, kuma muhawara ba ta ƙare ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci yanzu da ake tallar ƙananan na'urorin jan haske a intanet, ana cewa suna warkar da kowace cuta. Mester bai bar aikin fiɗa da wankin miki ba, hasken ƙari ne a kansu, a hannun likita, da awo. Mai ciwon suga da miki ya fito masa a ƙafa, abin da ya fi masa shi ne ya je asibiti da wuri, kafin ya kashe kuɗinsa a kan na'ura.