Nana Asma'u 'Yar Shehu: Uwar da Ta Riƙe Gida Ta Riƙe Gari

Mu da neman halali ya kawo mu Abuja, tun daga Zuba da Dei-Dei har Karu da Nyanya, yawancinmu mun baro tsofaffinmu a gida. 'Ya'yanmu suna tasowa ba kaka a kusa, matanmu kuma ba babbar da za su kai wa tambaya. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu tuna da wata uwa wadda ita ma ta san baƙunci, wato Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife ta a Degel wajen shekarar 1793. 'Yan biyu ne, ita da ɗan'uwanta Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Daga nan jama'ar Shehu suka yi ta ƙaura cikin yaƙi da yunwa, amma duk wannan bai sa an ajiye mata allo ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun littattafai a wurin mahaifinta da sauran malaman gidansu. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yayanta.

Tsawon rai yana zuwa da nasa nauyin. A 1817 Shehu ya rasu. A 1837 Bello ya rasu a Wurno. Daga baya mijinta Giɗaɗo ya bi su. Kowanne ta yi masa waƙar ta'aziyya ko ta adana tarihinsa, ta kuma ci gaba da aikinta. Ita ce ta tsaya wajen tattara rubuce-rubucen Shehu don kada su salwanta. 'Ya'yanta da jikoki da sauran zuriya duk wurinta suke zuwa neman shawara, kuma cikin 'ya'yan nata aka samu Waziri Abdulƙadir. Rubutun da ta bari ya haura 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa, ciki har da Waƙar Gewaye mai ba da labarin jihadi.

To amma babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Ta lura matan ƙauye ba su da hanyar karatu, ga bori ya kama wuri. Sai ta zaɓi dattijai mata masu kamun kai, ta karantar da su, ta ba kowacce malfa da jan rawani, ana ce mata jaji. Jaji ita ke jagorantar 'yan mata ƙanana da tsofaffi, su tako a ƙasa har Sakkwato. Su koyi tsarki da salla da zaman aure cikin waƙa mai sauƙin haddacewa, su koma su koya wa matan da aure ya tsare a ɗaki. Sukan zo mata da tsaraba, zuma da man shanu da hatsi, ita kuwa ta rabar wa mabukata. Ba ta jira an gina mata makaranta ba, ɗakinta ne ajin.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu. Ƙanwarta Maryam ta ɗora daga inda ta tsaya.

Jama'a, mu yi wa kanmu adalci. Mukan fita kasuwa da sassafe, sai dare mu dawo, mu bar mace da yara tsakanin mutanen da ba ta jin yarensu. In ba ta da karatu, wa zai koya wa yaran alwala? A kowace unguwa tamu akwai dattijuwa mai sani da ta isa ta zama jaji. Abin da ya rage shi ne ƙungiya ta samo zaure da tabarmi, maigida kuma ya ba da izini da kuɗin mota.

Allah Ya jiƙan Nana, Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.