Ibn Batuta a ƙasar Turkawa

An haifi Ibn Batuta a birnin Tanja, ƙasar Maroko, a shekara ta 1304. Yana da shekara 21 ya tashi zuwa aikin hajji. Bai komo gida ba sai bayan shekara 24.

Wajen shekara ta 1331 ya shiga ƙasar Turkawa. A lokacin ƙasar a rarrabe take, kowane yanki da sarkinsa. Ya je Konya, ya je Bursa, inda ya sadu da sarki Orhan ɗan Usman. Birnin Istambul kuwa yana hannun Rumawa. Sai a shekara ta 1453 Turkawa suka ci shi.

Ibn Batuta bai iya turkanci ba, amma samari masu sana'a suka riƙa ba shi masauki da abinci. A wani gari har ƙungiya biyu suka zare wuƙaƙe, kowace tana son baƙon ya sauka wurinta. Sai da aka yi ƙuri'a.

A shekara ta 1353 ya iso Takadda, kusa da Ingal. Ya ba da labarin jan ƙarfen da fatake ke kaiwa Gobir. Ya rasu a Maroko wajen shekara ta 1369.