Dokta Bala Usman, jikan sarakunan da ya sa wa masu mulki ido

An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa ta ƙasar Katsina a 1945. Mahaifinsa Durbin Katsina ne, ɗan Sarki Muhammadu Dikko, mahaifiyarsa kuma 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Mai irin wannan asali sarauta ake sa masa rai, amma shi sai ya kama alli. Ya yi digiri a Jami'ar Lancaster ta Ingila, ya dawo ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya koma sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi digirin digirgir kan tarihin masarautar Katsina a 1974.

Tun yana da ƙuruciyarsa gwamnatin Murtala ta saka shi cikin kwamitin tsara kundin mulki. Shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi bin ra'ayin masu rinjaye, suka rubuta nasu rahoton, gwamnatin soja ta yi watsi da shi.

Daga baya mulkin da yake nazari a takarda ya zo masa hannu. Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, ya kuma naɗa shi sakataren gwamnati. Majalisar dokoki kuwa tana hannun NPN, duk sunayen kwamishinonin da aka aika mata sai ta mayar. Haka aka tafiyar da jiha, har da Katsina a cikinta, ba kwamishina ko ɗaya, nauyi ya taru a kan gwamna da sakatarensa. A watan Yunin 1981 majalisar ta tsige Balarabe, karo na farko da aka yi wa gwamna haka a Najeriya.

Bayan ya koma jami'a sai ya ƙara ba aikin jarida ƙarfi. Da shi aka kafa mujallar The Analyst da takwararta ta Hausa, Fitila. Ba ya rubutu da kara. Yakan ambaci mutum da sunansa, ya jero takardu da alƙaluma, abin da ya jawo masa maƙiya har cikin danginsa na sarauta.

Aikinsa da ya fi shafar Kaduna shi ne littafin The Manipulation of Religion in Nigeria na 1987, shekarar da rikicin Kafanchan ya fantsamo cikin birnin. Hujjarsa ita ce manya ne ke kunna wutar addini, su hura ta da kafafen yaɗa labarai, don talaka ya manta da wanda ke cinye haƙƙinsa. Wasu malamai sun zarge shi da raina tasirin imani, kuma har yau ana wannan muhawara. Sai dai ya rayu ya ga rikicin shekarar 2000, lokacin da Musulmi da yawa suka tashi daga unguwanni irin su Sabon Tasha da Television suka ƙetare gada, Kiristoci kuma suka yi kudu, kogin Kaduna ya zama iyaka.

Ya ƙarasa rayuwarsa yana jagorantar cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya, inda ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005.