Funmilayo Ransome-Kuti da darajar ƙaramar kujera

A duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato, nakan lura da yadda 'yan bokonmu ke kallon kujerar kansila a wulaƙance, kamar ba ta dace da mai digiri ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu waiwayi rayuwar wata baiwar Allah da ta fahimci cewa a wannan matakin ne talaka ke haɗuwa da hukuma ido da ido.

An haifi Funmilayo a Abeokuta a shekarar 1900. Ita ce mace ta farko da aka ɗauka a makarantar sakandare ta Abeokuta Grammar School, daga nan ta wuce Ingila ƙaro ilimi, ta dawo ta kama koyarwa. A 1925 ta auri Israel Ransome-Kuti, malamin makaranta kuma limamin coci. Da ta so, da ta ƙare rayuwarta cikin matan manya, babu ruwanta da kukan kowa.

Abin da ya sauya mata alƙibla shi ne ajin yaƙi da jahilci da ta buɗe wa matan kasuwa. A nan ta ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya: harajin da aka ɗora wa mata tun 1918, da ƙwace musu shinkafa da sunan ƙayyade farashi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, alhali babu mace ko ɗaya a majalisar da ke yanke waɗannan hukunce-hukunce. Iko duka yana hannun Alake, Sarkin Egba, ƙarƙashin tsarin En'e, irin wanda iyayenmu a Arewa suka sani sarai.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne matakin da ta ɗauka na komawa suturar Yarbawa da yin magana da Yarbanci, har a gaban jami'an Turawa. Hikimar a fili take: matan da take wakilta suna jin duk abin da ta faɗa da sunansu, don haka suna iya tuhumarta idan ta kauce. Wakilin da ke magana da harshen da masu zaɓensa ba sa ji, kansa kawai yake wakilta.

A 1946 aka kafa Ƙungiyar Matan Abeokuta ƙarƙashin jagorancinta. Dubban mata suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada daga 1947, har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949, ko da yake daga baya ya koma. Aka soke harajin, aka kuma ba mata huɗu, har da ita, kujeru a majalisar riƙon ƙwarya ta Egba. Ta nemi kujerun majalisu na sama a 1951 da 1959 ba ta samu ba, amma abin da ta kafa a gida bai rushe ba. Tasirinta ya iso Arewa, domin Hajiya Gambo Sawaba ta je har Abeokuta ta gana da ita. Ta rasu a 1978, sakamakon raunin da ta ji lokacin da sojoji suka far wa gidan ɗanta Fela a Legas a 1977.

Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Amma kuɗi ba ya gyara rijiyar burtsatse ko asibitin shan magani idan babu mai tsaya musu a zauren majalisa. Ina kira ga malamai da likitoci da injiniyoyinmu, maza da mata, su koma mazaɓunsu su saurari jama'a da harshensu, sannan su fito takara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ya cancanci wakilin da zai fara tambayarsa kafin ya yi magana a madadinsa.