Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

An haifi Ladi a Kwali, cikin ƙasar Gwari, wajen shekarar 1925. Wurin wata daga cikin iyayenta mata ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Ba ta zama wuri ɗaya in tana gini. Takan ɗora yumɓu, ta riƙa zagaya shi tana jan bakinsa sama, har randa ta tashi.

Sa'an nan sai zane. Takan raba cikin randar da layuka, ta sa ƙadangare, ko kada, ko kunama, ko hawainiya a tsakani. To, ku lura da wannan, 'yan'uwana ɗalibai, gama a nan gwanintarta ta ke. Zanen allo ana ganinsa duka a tsaye wuri guda, amma na jikin randa ba ya ganuwa sai ka zagaya, kamar yadda maginiyar ta zagaya. Kadan da ya cika kogi ga shi ya ƙanƙance daidai da kunama, randar kuwa sai ido ya ga ta fi girmanta.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fada. A can ne wani Bature, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya kafa makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, watau Suleja ta yanzu, Ladi kuwa ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari.

A makarantar aka riƙa shafa wa randunanta ruwan ƙyalli, ana gasa su cikin tanderu mai tsananin zafi. Suka yi kyau ƙwarai, amma suka yi nauyi, suka kuma daina tsattsafo, alhali tsattsafon nan shi ke sanyaya ruwa. Randar da wurinta ke kusurwar ɗaki sai ta koma tsakiyar zaure, abin kallo. A ganina an yi riba, an kuma yi hasara.

An nuna aikinta a Landan a 1958, ta je Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. Daga baya aka sa hotonta a bayan takardar naira 20, tana aiki, tukunyar da ke gabanta kuwa babban yatsa ya isa ya rufe ta.