Ali ɗan Ridwan, likitan Masar da ya ga sabon tauraro

A ƙarshen watan Afrilun 1006, wato shekarar 396 ta Hijira, wani tauraro ya bayyana a kudancin sama, a wurin da jiya babu komai. Mutanen Masar sun gan shi ƙasa ƙasa. Wanda ke kwance kan angarib a bakin kogi, nan inda Abu Hujar take yau, ai ya fi su ganinsa da kyau, don a wajenmu ya fi ɗagowa sama. Cikin masu kallon akwai wani saurayi ɗan Giza, Ali ɗan Ridwan, bai kai shekara ashirin ba.

Ubansa mai gashin gurasa ne, talaka. Kuɗin biyan malami babu, sai yaron ya koma ga littattafai, yana duba wa mutane taurari don ya samu na abinci. Wannan sana'a dai ba abin yabo ba ce, amma ita ta koya masa auna sama. Da ya manyanta ya yi sharhin littafin Batlamus kan taurari, a ciki ya rubuta abin da ya gani: inda tauraron ya tsaya, girmansa da ya ninka na Zahara sau biyu da rabi zuwa uku, da haskensa da ya ɗan zarce rubu'in hasken wata. Shi kam ya ɗauke shi alamar yaƙi da yunwa ne. Fassarar ta tafi da zamaninta, awon ne masana ke amfani da shi har gobe.

Yanzu an san tauraro ne ya tarwatse, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 7,000. Akwai kuma fashewar da ta fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, mai watso hasken gama, wanda ido ba ya gani, iskar da ta lulluɓe duniya kuma tana tare shi. Dole sai an kai madubin hangen nesa sararin samaniya. Taurarin ɗan'adam na Amurka masu suna Vela, da aka harba don gadin gwajin makaman nukiliya, su suka fara cin karo da irinta a 1967, ba ma ita suke nema ba. Daga baya Swift, da aka harba a 2004, da Fermi na 2008 suka karɓi wannan gadi. Walƙiyar kan ɗauki daƙiƙoƙi ne kawai, to da na'urar ta ji ta sai ta aiko da lokaci da wuri da ƙarfi, masu madubai a ƙasa su juya su tabbatar. Ka ga kusan abubuwan da Ali ya rubuta ke nan. Ragowar nasa tauraron ma, madubin H.E.S.S. da ke Namibiya ya gano hasken gama na fitowa daga gare ta, aka sanar a 2010.

Amma a zamaninsa da likitanci aka san shi. Ya kai ga zama shugaban likitocin Masar ƙarƙashin Faɗimiyawa, ya rubuta littafi kan cututtukan ƙasar, inda ya ɗora laifi kan gurɓatacciyar iska da ƙazantar da ake zubawa a Nilu. Mutum ne mai zafin baki. Da Ibn Butlan, likita Kirista daga Bagadaza, ya zo Alkahira wajen 1049, sun yi ta jifan juna da takardu, wai tsakanin ɗan tsakon kaza da ɗan tsuntsu wa ya fi ɗumin jiki. Gardamar ta kai har ga gorin muni, don Ali ba kyakkyawa ba ne.

Ƙarshensa akwai ban tausayi. Masu tarihi sun ce a wata shekarar yunwa ya ɗauki marainiya ya riƙe a gidansa. Da ta girma, ta kwashe masa dukiyar da ta kai dinari 20,000 ta gudu, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Tun daga nan hankalinsa ya taɓu, har ya rasu wajen shekarar 1061.