Janar Murtala Ramat Muhammed: Gwarzon da ya tafi da ƙuruciya

An haifi marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed a birnin Kano ranar 8 ga watan Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa da ke Zariya, ya shiga aikin soja a 1958, aka tura shi horo makarantar Sandhurst a Ingila. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, kuma a yaƙin basasa shi ya jagoranci Runduna ta Biyu, wadda har gobe ake ɗora wa alhakin kisan fararen hula a Asaba cikin Oktoban 1967.

A ƙarshen Yulin 1975 sojoji suka hamɓarar da Janar Yakubu Gowon, suka ɗora Murtala. Cikin kwanaki kusan 200 ya sallami dubban ma'aikatan gwamnati, ya mai da jihohi 12 zuwa 19, ya tsai da shawarar mai da babban birnin ƙasa Abuja, ya kuma mara wa ƙungiyar MPLA ta Angola baya, duk da matsin lambar Amurka.

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyar ofis a Legas ba tare da jerin gwanon masu gadi ba, sojojin Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motarsa wuta. Ya rasu yana da shekara 37, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa. A Kano aka yi masa sutura.

Ƙasa ta yi rashin shugaba, amma gidansa uba ya rasa. Ya bar matarsa Ajoke, wadda ya aura a 1963, da 'ya'ya shida, babbarsu Aisha tana 'yar shekara 12. Ita uwar ce ta ɗauki nauyin tarbiyyarsu da karatunsu. A 1993 wani rashin ya sake afka wa gidan, inda aka harbe ɗansa Zakari. Daga baya Aisha ta jagoranci gidauniyar da aka kafa da sunan mahaifinta.

An sa hotonsa a takardar Naira 20, an raɗa wa filin jirgin saman Legas da babban asibitin Kano sunansa. Sai dai duk wannan bai mayar wa marayu shida da ubansu ba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.